Ƙwallon da Na Tsinta a Bakin Rijiyar Kaka

Da yammacin jajiberin idin Waliyyi Yohanna na fita kai wa yayata Idalina rigar da ta ba ni guga. Ita za ta sa washegari, ranar bikin cikar unguwarmu shekara hamsin, inda za ta tsaya gaban jama'a ta ba da tarihin wurin. Ita da lasifika, ni da dutsen guga.

Mijina Custódio yana bakin ƙofa yana hura gawayin gasa kifi. Ya dubi rigar, ya dubi fuskata.

"Graciete, ki saki ran nan mana. So kike kifin ya ruɓe kafin in ɗora shi a wuta?"

"Ka ji da gawayinka," na ce. "Kai ma da aka ba ka kujerar baya ai ban ga ka yi rawa ba."

"Ni kakata ba ta bar rijiya ba, me ya dame ni? In kin ga ƙwallo a hanya ki tsinto min, bokitin ya kusa cika."

Na bi ta ƙaramar ƙofar katanga na shiga unguwar.

Duk filin ƙwallon lambun nan, wato golf, da baƙi ke barowa daga Ingila da Jamus don su buga, gonar kakarmu Ermelinda ce. Ɓaure ne da zaitun da lemu tun daga titi har gangaren teku. Da kamfani ya saya sai ya tumɓuke komai, ya shimfiɗa ciyawa, ya haƙa ramukan yashi, ya zagaye filin da fararen gidaje. Abu ɗaya ne bai taɓa ba, tsohuwar rijiya da babban wilinta na ƙarfe wanda jaki ke juyawa a da. Kaka ce ta kafa sharaɗi: ba za a cike rijiyar ba, kuma za a ba zuri'arta gida ɗaya mai kallonta. Gidan ya faɗa hannun Idalina. Ni na samu ɗaki biyu a bayan katanga, inda ma'aikata ke zama, tagata tana kallon wurin ajiye motoci.

Ina jin haushin yayata, kuma ban taɓa iya ɓoyewa ba. Ciki ɗaya muka fito, ɓaure ɗaya muka hau, amma duk wanda ya tashi tambayar tarihin unguwar nan ƙofarta yake bugawa. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni dai na daɗe ina zuba mata taki, kuma gonarta sai ƙara kyau take.

Ba gidan ne ya fi ci mini rai ba, rijiyar ce. Akwai wadda ke zaune a cikinta tun ranar da aka haƙa ta. A gidanmu ba a ce mata aljana, Maƙwabciya ake cewa. Kowace shekara, a irin wannan maraice, Kaka takan kai mata ɓauren farko da ya nuna, kuma Idalina kaɗai take riƙe wa hannu su tafi. Ni in na biyo sai ta ce, "Ke, je ki kora kaji." Abin da na sani duk a leƙe na san shi: a ajiye kwando a bakin rijiya, kada a kalli ruwan, a juya baya, a cire takalmi a kakkaɓe, sannan a tafi. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalilin ko ɗaya.

Na tarar da Idalina a barandarta tare da Amílcar, shugaban unguwa, yana nuna mata inda za a kafa dandamali.

"Ke uwar unguwa ga wurinki nan, ga masu kiɗa a can," yake cewa. Sai ya gan ni. "A'a, sannu da zuwa... Gracinda, ko?"

"Graciete," in ji Idalina. "Ƙanwata ce."

"Haka ne, haka ne. Ai na san fuskar."

Shekara da shekaru ina goge masa tufafin teburin ɗakin cin abincin kulob ɗin 'yan wasa, amma fuskar kawai ya sani.

Na bi Idalina cikin kicin na rataye rigar. A kan tebur ga ɗan kwandon Kaka, an rufe shi da farin ƙyalle. Ƙamshin ɓaure ya cika ɗakin.

"Yaya, bana ki tafi da ni," na ce.

"Ina?"

"Kin san inda nake nufi."

Ta yi dariya tana duba wuyan rigar. "Kai, ƙanwata, har yanzu? Mun fa tsufa. Kaka ta ce mutum ɗaya ne a kowane zamani, ba ni na ce ba."

"To gobe fa? Ko minti ɗaya ba za ki ba ni in ce wani abu ba?"

"Ki ce me? Ke da ko sunan jakin Kaka ba ki riƙe ba." Ta ɗaga hannun rigar. "Nan bai kwanta ba, amma ba komai, zan rufe da gyale."

Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Amílcar ya ƙwala mata kira daga waje, ta fita tana amsawa. Na tsaya ni da kwandon. Na ce a raina, ni ma jikar Ermelinda ce, bari mu gani ko Maƙwabciya za ta ce ɓauren hannuna ɗaci gare shi. Na ɗauka na fita ta ƙofar baya.

Rana ta riga ta faɗa bayan gidaje. 'Yan wasa sun watse, an kwashe motocinsu. Ciyawar tana ƙamshin yankan ranar, iska tana kawo hayaƙin kifi da sautin kiɗa daga can cikin gari. Kwaɗi suna ta kuka a tafkin da ke gefen hanya. Na ratsa filin, na zagaye babban ramin yashi wanda ma'aikata suka share sumul, ko sawun tsuntsu babu a kansa.

Rijiyar tana cikin wani ɗan kwari, inda ba a yanke ciyawa. Da na fara gangarawa sai kiɗan ya ɓace. Kwaɗin ma suka yi tsit.

Iskar wurin sanyi gare ta, tana warin tsohon tulu.

Na yi yadda na gani. Na ajiye kwandon a kan dutsen bakin rijiya, na kawar da idona daga ruwan, na juya baya. Na cire takalmana na kakkaɓe, na mayar. Ba abin da ya faru. Wani daɗi ya kama ni har na kusa yin dariya. Ashe iyakar abin ke nan. Wannan ne sirrin da aka kora ni wajen kaji saboda shi.

Na fara hawa. Taku kaɗan na yi na ga wani abu fari a cikin ciyawa.

Duk wanda ya zauna a unguwar nan ya san abin da zan faɗa. Mu nan ƙwallo ba ya kwana a ƙasa. Yana faɗo mana a lambu, a kan rufi, a cikin tukunyar furanni, kuma kowane gida da bokitinsa a bayan ƙofa. Tsofaffi da sanda ma sunkuyawa suke. Ba shawara ake yi da zuciya ba, hannu ne ke tafiya da kansa. Ni ma ban san na sunkuya ba sai da na ji shi a aljihun siket ɗina.

Da na ɗago sai na ga wani. Da wani a gefensa. Na duba da kyau, ashe duk kwarin cike yake da su, wasu sun yi rawaya, wasu gansakuka ta rufe su, sun kwanta a ciyawa kamar ƙwan zabi. Shekara hamsin suna faɗowa nan, kuma a unguwar da ba a barin ko ɗaya, ba wanda ya taɓa waɗannan.



A bayana ƙarfe ya yi ƙara. Ƙiii.

Wilin nan an yi masa walda tun ina budurwa.

Ƙiii. Sai sautin ruwa yana zuba daga tukwanen ɗebo ruwa na jikin wilin, waɗanda tuni babu su.

"Idalina?"

Murya ce ta mace, a hankali, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Daga ƙasa take fitowa. Akwai murna a cikinta.



"Idalina, ke ce? Kin zo da wuri bana."

Ko a wannan hali, da tsigar jikina a tashe, sai da na ji wani abu ya soke ni a ƙirji. Har a ƙarƙashin ƙasa ma sunanta ake kira.

"Graciete ce," na ce.  "Ni ma jikar Ermelinda ce."

Wilin ya tsaya.

"Ban san ki ba."

 Na ji ana jan numfashi, kamar ana shinshina iska.

"Kin ɗauka."

Aljihuna ya yi sanyi. Na ji ruwa yana bin cinyata yana gangarawa cikin takalmi. Na sa hannu na ciro ƙwallon, ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, yana ɗiga. Na wurga shi baya ba tare da na waiwaya ba. Ban ji faɗuwarsa ba.

Na taɓa aljihuna. Yana nan.

Ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Na haye kwarin na fito fili. Can nesa ga fitilun gidaje, ga barandar Idalina. Na nufe ta. A bayana famfon ban ruwa ya ɗago kai daga ciyawa ya fara feshi. Tsss. Ba lokacinsa ba ne, sai dare ya raba ake kunna su. Wani ya tashi, kusa da na farko. Sai wani, ya fi kusa. Ɗaya bayan ɗaya suke tashi, a layi, suna bin sawuna.

Ƙwallon yana jan ni ƙasa ta gefe ɗaya. Ina gudu ina karkacewa.

Ban ga bakin ramin yashin ba sai da na afka ciki. Na faɗi da gwiwoyi, yashi ya cika mini baki. Na yunƙura, na kasa. Aljihun ya kafe a ƙasa kamar an buga masa ƙusa.

Famfunan suka mutu gaba ɗaya.

Ɗis. Ɗis.

A ɗaya gefen ramin, a kan yashin da aka share, wani wuri ya yi duhu ya lotsa. Sawun ƙafa ne, jiƙaƙƙe, ba takalmi, yatsun dogaye. Wani ya fito a gabansa.

Ba kowa a kansu.

Warin tsohon tulu ya rufe ni. Wani abu mai sanyi, mai laushi, kamar jiƙaƙƙen gashi, ya shafi bayan wuyana.

"Kin ɗauka," aka raɗa a kunnena. "Zan ɗauka."

Yashin da ke ƙarƙashina ya fara zama taɓo. Gwiwoyina suka nutse. Na buɗe baki in kira Custódio, in kira Maryama Mai Tsarki, in kira kowa, ba abin da ya fito sai iska.

Sai haske ya faɗo a kaina, da ƙarar 'yar motar nan ta 'yan wasa. Ta tsaya a bakin ramin. Na ji an diro.

"Rufe idonki, Graciete! Rufe, na ce!"

Idalina ce, ba takalmi, gashinta a kwance. Na rufe. Na ji ta zamo cikin ramin ta tsaya tsakanina da abin, tana haki.

"Maƙwabciya, barka da yamma," ta ce, kamar mai gaida tsohuwa a bakin ƙofa. "Ki yi haƙuri. 'Yar gida ce, ƙanwata ce. Ba ta san ba a fita da komai daga wurinki ba. Ba ta san don haka ake kakkaɓe takalmi ba. Ni ce ban gaya mata ba."

"Ta ɗauka."

"Ga shi nan, za ta mayar."

"Abin da ya bar hannuna ba ya dawowa. Musaya ake yi. Ermelinda ta gaya miki."

"Ta gaya mini."  "Amma ba da ita ba. Faɗi wani abin."

Taɓon ya kai mini ƙugu. Na kama ƙafar yayata da hannu biyu.

"Da Ermelinda tana nan, kullum akwai hira," in ji muryar. "Jaki yana zagaye, tana zaune tana ba ni labari. Yanzu sai fararen duwatsun nan ke faɗo mini. Ke ma shekara sau ɗaya kike zuwa, ki ajiye, ki juya mini baya. Wannan za ta zauna da ni."

"Wannan?" Idalina ta yi wata 'yar dariya, ko a lokacin. "Me ta sani da za ta ba ki? Kwana biyu za ki gaji da ita. Labarin duk yana wurina. In hira kike so, ga tawa. Ki riƙe ta duka, ki bar mini ƙanwata."



Sai na ji yayata ta ja numfashi da ƙarfi, kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi.

Aljihuna ya zama wayam. Ƙasa ta sake ni. Can nesa kwaɗi suka ci gaba da kukansu, kiɗan gari ya dawo.

Idalina ta ja ni ta fitar daga ramin, ta tura ni cikin motar. Ina kuka ina surutu har muka isa gida. Na ce ban sani ba. Na ce da an koya mini tun farko da haka ba ta faru ba. Na ce kowa a unguwar nan da ya ga ƙwallon sai ya ɗauka, har ita. Ba ta ce komai ba. Na zaci fushi take.

A ƙarƙashin fitilar baranda ta juyo ta dube ni. Ta buɗe baki, leɓunanta suka yi motsin sunana. Ko tari bai fito ba.

Washegari unguwa ta cika. An kafa dandamali, an jera kujeru a kan ciyawa, ga baƙi da hulunansu na rana. Amílcar yana ta zufa yana zagaye. Da ya tabbata uwar unguwa ba za ta iya magana ba, sai ya zo ya tsaya a gabana.

"Graciete, ki taimake mu. Ke ma ai jikar gidan ce."

Ranar bai yi kuskuren sunan ba.

Na hau. Aka miƙo mini lasifika, abin da na yi shekaru ina mafarki. Na ce da can nan gona ce. Na ce akwai ɓaure da zaitun da lemu, akwai rijiya, akwai jaki. Sai na tsaya, don iyakar abin da ke cikina ke nan. Wata Baturiyar Ingila ta ɗaga hannu ta tambayi wanda ya haƙa rijiyar. Na ce an daɗe. Aka tafa mini, irin tafin da ake yi don a ba masu kiɗa wuri. Idalina tana layin gaba, ita ma tana tafi tana murmushi, kuma da ta harare ni da ya fi mini sauƙi.

An kai ta wajen likitoci har Lisbon, kowa ya leƙa maƙogwaronta ya ce lafiya lau yake. Yanzu da hannu take magana. Ni nake yi mata cefane, ni nake amsa mata waya, kuma masu tambayar tarihin unguwa sun daina zuwa ƙofar kowa. Custódio ya zubar da bokitinsa a tafki. Ni kuwa ko a ƙofar ɗakina ƙwallo ya faɗo, tsallake shi nake.

Wata yamma ina dawowa daga gidanta ta cikin fili, sai na ji ana magana daga wajen kwarin. Na tsaya cak. Muryar Idalina ce, garau, irin tata ta da, alhali na bar ta zaune a baranda tana ɓare wake. Labarin mutumin da ya haƙa rijiyar take bayarwa, yadda ya zo daga kan duwatsu da diga ɗaya, da yadda Kaka ta ƙi shi sau biyu kafin ta aure shi. Kakanmu ne ashe. Ɗaya muryar tana dariya tana cewa, "Na tuna, na tuna. Sai kuma me?"

Tun daga ranar kusan kullum nake zuwa in magariba ta yi. Ba na gangarawa, a saman kwarin nake tsayawa. Tsoro yana nan, amma haushi ya fi shi yawa. Ta ceci raina, na sani, kuma ina gode mata. Sai dai su biyu suna can suna shan hirarsu, suna ambaton mutanen da jininsu ke jikina, ni kuwa sai guntun da iska ta kawo mini nake samu.

Makon jiya na ji sunana.

"Ita kuwa Graciete," in ji muryar yayata, "kin san abin da ya sa Kaka ta hana ta zuwa wurinki? Ba don ba ta son ta ba ne. Ta gaya mini ranar da za ta rasu. Ta ce yarinyar nan..."

Iska ta juya, maganar ta yi ƙasa. Ban san lokacin da na taka ƙafa ɗaya cikin gangaren ba. Busasshiyar ciyawa ta yi ƙara a ƙarƙashin takalmina.

Suka yi shiru.

Na tsaya a wurin har fitilun gidaje suka kama, ƙafafuna suka yi tsami.  Sai da na juya na kama hanyar gida, na yi nisan da ba zan iya rarrabe kalma ba, sannan na ji sun ci gaba.